Kada Ku Ajiye Maganin Ɗigawa: Amsa ga Saƙon da Ke Yawo Kan Hawan Jinin Ido

Wani saƙon murya ya addabi WhatsApp kwanan nan, daga zauren dangi ya faɗa na tsofaffin ɗalibai, daga nan sai na 'yan masallacin unguwa. Mai maganar bai faɗi sunansa ba, bai faɗi inda yake aiki ba, sai dai an rubuta a sama cewa "babban likita ne daga waje". Muryarsa a natse take, yana ɗan jefa Turanci nan da can, kowace gaɓa kuma sai ya rufe ta da rantsuwa. Abin da yake cewa a taƙaice shi ne: ciwon hawan jinin ido, wato gilakoma, ba matsin ido ne ke kawo shi ba, jini da iskar oksijin ne ba sa isa ga ido. Saboda haka maganin ɗigawa da likitoci ke rubutawa asarar kuɗi ce, ƙara shaƙe jijiyoyin ido ma yake yi. A daina, a koma ga wani haɗi da zai "buɗe hanyoyin jini". Lambar wayar mai haɗin tana ƙarshen saƙon, kamar yadda aka saba.

Da ƙanzon kurege ne zalla, da na bar shi ya mutu da kansa. Abin da ya sa ban yi shiru ba shi ne mutumin ya ɗebo gaskiya daga littattafan likitoci ya gauraya da hajarsa, kuma na riga na ji waɗanda suka ajiye kwalabensu saboda shi.

Bari in fara sallamar ƙananan. Zuma da ruwan albasa a ido ba sa kai wa inda ciwon yake, iyakarsu su ƙone fatar ido ko su shigar da ƙwayoyin cuta. Ƙaho a gefen goshi don a zuƙe "mataccen jini", jinin fata ake zuƙa, ba na bayan ƙwayar ido ba. Jan dogon numfashi da asuba don ido ya ƙoshi da oksijin ba ya ƙara komai, domin jinin mai lafiyayyen huhu ya riga ya ɗauki kashi 95 cikin 100 ko fiye na abin da zai iya ɗauka. Kwankwaɗar ruwa lita guda a tashi ɗaya don a "wanke jijiyoyi" ɗaga matsin ido yake yi na ɗan lokaci, har likitoci kan yi amfani da hakan a matsayin gwaji. Kifa kai ƙasa, ƙafafu sama, don jini ya gangaro, shi ma matsin yake ɗagawa, har yakan ninka shi. Ganye kuwa, a ci. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2016, wanda ya bi ma'aikatan lafiya fiye da 100,000 tsawon shekaru, ya ga masu yawan cin ganye sun fi ƙarancin kamuwa da gilakoma. Amma bai nuna cewa kwaɗon zogale yana warkar da wanda ya riga ya kamu ba, kuma babu wanda ya ce a musanya magani da shi.

Yanzu sai babbar maganar, wadda ita ce ke makantarwa.

Sunan da muka raɗa wa ciwon ya taimaki mai saƙon, domin ba jini ne ke hawa a ido ba, ruwa ne. A gaban ƙwayar ido akwai wani ruwa garai-garai, ba hawaye ba, wanda ido ke samarwa dare da rana. Yana ciyar da sassan da ba su da hanyoyin jini, sannan ya tsiyaye ta wasu 'yan mitsi-mitsin kafofi da ke kewaye da baƙin ido. In kafofin suka fara toshewa, ruwan ya taru, ƙwayar ido ta ƙara tauri. A yawancin masu lafiya matsin yana tsakanin 10 da 21, a irin ma'aunin da ake auna hawan jini da shi. Wanda ke shan wahalar wannan matsi ita ce jijiyar gani, wadda ke kai saƙo daga ido zuwa ƙwaƙwalwa. Zarurruka ne fiye da miliyan 1 a dunƙule, kowanne yana ɗauke da labarin wani ɗan yanki na abin da kake kallo, kuma duk ta ƙofa ɗaya suke fita a bayan ido, ƙofar da faɗinta bai kai milimita 2 ba. A wannan ƙofa ake yin ɓarnar. Zaren da ya mutu kuma ya mutu ke nan, har yau babu asibitin da ke dawo da shi.

To ina mai saƙon ya yi gaskiya? A wurare da dama, kuma ba zan rage masa ko ɗaya ba. Fatar bayan ido mai karɓar haske tana cikin sassan jiki da suka fi cin oksijin in aka kwatanta da nauyinta, kuma kan jijiyar gani da 'yan siraran hanyoyin jini yake rayuwa. Gaskiya ne akwai masu gilakoma da matsin idonsu bai taɓa wuce 21 ba a awo. A garin Tajimi na Japan, binciken da aka fitar a 2004 ya sami kashi 92 cikin 100 na masu nau'in gilakoma da ya fi yawa a wannan sahu suke. Gaskiya ne kuma masana sun daɗe suna zargin jini. Sohan Singh Hayreh, likitan ido ɗan asalin Indiya da ya yi aiki a jami'ar Iowa, ya nuna tun a shekarun 1990 cewa wasu mutane jininsu kan yi ƙasa sosai cikin barci, kuma irin waɗannan ganinsu ya fi saurin lalacewa. Josef Flammer na jami'ar Basel a Suwizalan ya bayyana wani rukunin mutane masu sanyin hannu da jinin da ke yin ƙasa a awo, waɗanda hanyoyin jininsu ke saurin tsukewa, ya ce gilakomar da matsinta bai hau ba ta fi kama su. An kuma ga alaƙa tsakanin gilakoma da ciwon kai na ɓari ɗaya, da kuma irin minsharin nan da numfashi ke ɗaukewa cikin barci. Duk wannan a rubuce yake. Abin da masana ba su gama daidaitawa a kai ba shi ne wanne ya riga wanne: ƙarancin jinin ne ke kashe jijiyar, ko kuwa jijiyar da ta fara mutuwa ce ta rage neman jini. Akwai hujja a kowane ɓangare, mai yiwuwa ma duka biyun suna faruwa.

Inda ya karkace shi ne da ya raba matsi da jini, kamar ɗaya ba ya taɓa ɗaya. Duk wanda ya taɓa ban-ruwa a fadama ya san ruwan da ke isa ga shuka ya dogara da abu biyu: ƙarfin injin da ke turowa, da kuma ko wani ya taka tiyo. Zuciya ce injin, matsin ido kuma shi ne ƙafar da ke kan tiyon. Jini ba ya shiga ido sai ya fi ƙarfin matsin da ya tarar a ciki, shi ya sa likitoci ke da wani lissafi mai sauƙi: a ɗauki lambar ƙasa ta awon jini a ɗebe matsin ido. Mai lambar ƙasa 70 da matsin ido 15, saura 55 ke tura jini cikin idonsa. Mutumin nan dai, in matsin ya kai 40, saura 30. A binciken da aka yi a birnin Baltimore na Amurka, waɗanda wannan ragowar tasu ta gaza 30 sun ninka waɗanda tasu take da yawa kamuwa da gilakoma kusan sau shida. Binciken tsibirin Barbados, inda yawancin jama'a baƙar fata ne 'yan asalin Afirka ta Yamma, shi ma ya sami irin wannan alaƙa. Ke nan in har da gaske damuwar mai saƙon ita ce jini ya isa ga jijiya, to maganin ɗigawa shi ne ke ɗage ƙafar daga kan tiyon. Hujjar da ya kawo don a zubar da magani, ita ce hujjar riƙe shi.

Ba lissafin takarda kaɗai ba ne, an gwada a kan mutane. A 1998 aka fitar da sakamakon wani babban bincike na haɗin gwiwar asibitoci da dama, wanda aka yi takanas a kan masu gilakomar da matsinsu bai hau ba, wato mutanen da mai saƙon ke fakewa da su. Aka rage wa wasu matsin da kashi 30 cikin 100, aka bar wasu ana lura da su. A cikin idanun da aka bari, kashi 35 cikin 100 suka ci gaba da lalacewa. A cikin waɗanda aka yi wa magani, kashi 12 ne. A Suwidin an yi wani a kan mutum 255 da aka gano ciwonsu da wuri, aka wallafa a 2002: ciwon ya ci gaba a kashi 62 na waɗanda ba a yi wa komai ba, da kashi 45 na waɗanda aka yi wa magani, kuma duk lamba ɗaya da matsin ya sauka tana rage haɗarin da kimanin kashi 10. A Birtaniya, a 2015, aka kwatanta maganin latanoprost da kwalbar da babu magani a ciki, ba tare da mai ɗigawa ko likitansa ya san wacce ce wacce ba. Cikin shekara 2, kimanin kashi 26 na masu kwalbar banza suka ƙara rasa gani, masu magani kuwa kimanin kashi 15.

Dubi alƙaluman da kyau, ba su ce magani yana tsayar da ciwon a kowa ba. Wasu suna ɗigawa ba fashi amma ganin yana raguwa, kuma saboda irinsu ne ake ta binciken jini da abincin jijiya. An gwada ganyen ginko a 'yan ƙananan bincike, sakamakon ya saɓa wa juna. Ana kan gwada wani nau'in bitamin B3 a manyan bincike, kuma likitoci sun yi gargaɗin cewa shan sa da yawa yana iya taɓa hanta. Zuwa yau dai, rage matsin ido shi kaɗai ne abin da aka tabbatar yana jinkirta makantar gilakoma. Wanda ya ce yana da haɗin da ya fi wannan, sai ya gaya mana mutum nawa ya gwada a kansu, wa ya auna ganinsu kafin da bayan, da kuma inda aka rubuta. Rantsuwa ba ta maye gurbin wannan.

Batun cewa maganin yana "shaƙe" ido kuwa, jan da ake gani a idon mai ɗiga latanoprost na buɗewar hanyoyin jinin saman ido ne, ba na tsukewarsu ba.

Ban ga laifin waɗanda suka yarda ba. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Gilakoma ciwo ne da ke hana mutum yarda da likitansa. Yawanci ba ya zafi, ba ya ƙaiƙayi, ba ya kawo kwantsa. Daga gefe yake fara ci, ya bar tsakiya tangaran, ido ɗaya kuma yana rufa wa ɗan'uwansa asiri. Akwai wani dattijo tela da na sani, wanda 'ya'yansa suka lura yana yawan tuntuɓe da buta, yana bugun ƙyauren shago da kafaɗa, babur ya zo ta gefensa sai ya ji ƙara kafin ya gani. Da aka ce a je asibiti sai ya ce, "Ni da nake zura zare a allura ba tabarau, ni za a ce wa ciwon ido?" Gaskiyarsa, yana zurawa. Aka lallaɓa shi ya je. Aka sa ya ɗora haɓa a bakin wata na'ura mai kama da farin kwano, aka ba shi maɓalli a hannu, aka ce duk lokacin da ya ga ƙyallin haske ya danna. Takardar da ta fito, idon dama baƙi ne ƙirin in ban da ɗan fili a tsakiya. Ta wannan ɗan filin Baba yake zura zarensa.

Irin wannan mutum ne za a ba 'yar kwalba mai mililita 2.5 a ce ya ɗiga kullum har ƙarshen rayuwa. Ya ɗiga wata guda, ganinsa bai ƙaru ba, domin ba aikin maganin ke nan ba, tsare abin da ya rage yake yi. Idon yana yaji, ya yi ja, kuɗin kwalbar kuma kullum gaba yake yi. In ya yi fashin mako guda ba ya jin wani bambanci. Sai ga murya a waya tana gaya masa abin da zuciyarsa ta daɗe tana raya masa. Wa zai ga laifinsa? Laifin yana kan wanda ya san hakan, ya kuma yi amfani da shi don ya sayar da gari a leda, da kuma mu masu danna "tura" kafin mu kai ƙarshen saƙo, muna ganin sadaka muka yi.

Ƙorafe-ƙorafen nan na gaskiya ne, kuma kowanne yana da amsa a asibiti. In magani yana yaji ko yana busar da ido, ana sauya shi. Timolol, wanda ya fi araha kuma ake amfani da shi tun 1978, yakan bi jini ya rage bugun zuciya ya kuma tayar da asma, don haka mai asma ko ciwon zuciya ya faɗa wa likita tun kafin a rubuta. In an ɗiga, a rufe ido a danna kusurwarsa ta wajen hanci da yatsa kamar minti 2, hakan yana rage abin da ke gangarawa maƙogwaro. Wannan dabara tana da amfani ga masu azumi ma, waɗanda da yawa ke dakatar da magani wata guda cur saboda saɓanin malamai kan abin da ya isa maƙogwaro. Latanoprost dai sau ɗaya ake ɗigawa, da dare, masu sau biyu kuma ana iya tsara su da sahur da bayan buɗa-baki. Wanda kuɗi ko mantuwa ta fi ƙarfinsa, akwai aikin hasken lesa na 'yan mintoci da ke taimaka wa kafofin ruwan. A asibitin KCMC da ke Moshi a Tanzaniya an kwatanta shi da timolol, aka wallafa a 2021: bayan shekara guda lesar ta yi nasara a kimanin kashi 61 na idanu, timolol a kimanin kashi 31. Akwai kuma tiyatar da ake buɗe wa ruwan sabuwar hanya, wadda ake yi tun 1968. Mutanenmu suna tsoronta, domin kowa ya san wani da "aka yi wa aiki ya makance", alhali sau da yawa an kai shi ne bayan jijiyar ta kusa ƙarewa.

Saƙon yana da wani reshe da ya fi tayar min da hankali: wai mai gilakoma ya bar shan maganin hawan jini don jini ya sami ƙarfin kai wa ido. Wannan gudun gara ne a faɗa gidan zago. Hawan jinin da aka sake yana lalata hanyoyin jinin ido su kansu, ga shanyewar ɓarin jiki, ga ciwon ƙoda. 'Yar gaskiyar da ke ciki ita ce maganar Hayreh, cewa faɗuwar jini da dare tana iya cutar da jijiyar wasu. Maganin wannan shi ne likitan ido ya san kana shan maganin hawan jini, likitan hawan jini ya san kana da gilakoma, su duba ko akwai buƙatar sauya lokacin sha ko yawansa. Ba hukuncin da mutum zai yanke wa kansa a kan tabarma ba ne.

Abin mamaki, akwai gilakomar da rashin oksijin ke haddasawa kai tsaye, amma mai saƙon bai ko ambace ta ba. In ciwon suga ya daɗe yana cin hanyoyin jinin bayan ido, ko babbar hanyar da ke fitar da jini daga ido ta toshe, sashen da ya rasa oksijin yakan fitar da wani sinadari da ke sa sababbin hanyoyin jini su tsiro barkatai. Su ne ke mamaye kafofin ruwan su rufe su, matsin ya yi tashin gwauron zabi, idon ya yi ja da azabar ciwo. Ko a nan ma ba da "buɗe jijiyoyi" ake magani ba, da lesa ne da allurar da ke hana waɗannan hanyoyin tsiro, tare da rage matsi da kula da sugan. Haka kuma bai ambaci maganin ɗigawa mai sitiroyid ba, wanda ake saya a kemis ba takarda saboda ƙaiƙayin ido, har a yi ta ɗiga wa yara wata da watanni. In akwai kwalbar da ta cancanci a yi saƙon murya a kanta, ita ce wannan, domin tana ɗaga matsin ido a wasu mutane har ta kai ga gilakoma.

Mu ne muka fi kowa rashin damar wasa da wannan ciwo. Ya fi kama baƙar fata, ya fi kama mu da wuri, ya fi saurin kai mu ga makanta. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya duba mutum fiye da 13,000 masu shekara 40 zuwa sama. Gilakoma ce ta biyu wajen makantarwa, bayan yanar ido. Nazarin da Dakta Fatima Kyari da abokan aikinta suka yi a kan wannan bincike ya nuna kimanin kashi 5 cikin 100 na 'yan wannan shekaru suna da ita, ɗaya cikin biyar daga cikinsu ya riga ya makance, waɗanda suka san suna da ita kuwa ba su kai kashi 6 cikin 100 ba. 'Yan tsirarun nan da Allah ya sa aka gano nasu, su ne ake bi da saƙon murya ana cewa su ajiye magani.

Wanda ya riga ya ajiye, ya koma kan maganinsa yau, ya kuma je a sake auna shi, ya faɗa wa likita gaskiyar tsawon lokacin da ya yi bai ɗiga ba. Cibiyar Kula da Lafiyar Ido ta Ƙasa tana Kaduna, Asibitin Ido na ECWA da na Makka suna Kano, akwai na Makka a Maraɗi, asibitocin koyarwa kuma suna da sashen ido. Mai gilakoma ya gaya wa 'ya'yansa da waɗanda suke ciki ɗaya su je a duba su, domin ciwon yana bin jini a gida. Kai kuma mai karatu, in ka kai 40, je ko da ba ka jin komai, ka ce a auna maka matsin ido a kuma leƙa jijiyar gani. Karanta haruffan da ke jikin bango kaɗai ba ya gano gilakoma.